Yadda Ake Rubuta Labarin Soyayyar Ratsa Duniyoyi Mai Ƙarewa da Rabuwa

Akwai wani salon labari da ya shigo wayoyin matasanmu daga ƙasar Sin, wanda ya kamata marubutan Hausa su tsaya su dube shi da kyau. Jaruma ce za a fizge daga duniyarta a jefa ta cikin rayuwar wata mace a wani zamani, a ɗora mata aiki, in ta gama a sake ɗauke ta a kai ta wata duniyar, haka har sau biyar ko goma ko fiye. Sinawa na ce masa kuaichuan. Ya yi ƙarfi a dandalin Jinjiang da aka kafa a 2003, inda mata suka fi yawa cikin marubuta da masu karatu, kuma ya iso gare mu ne ta fassarar Turanci a manhajoji irin su Wattpad da Webnovel, wadda ta fara aiki a 2017. A yawancin waɗannan littattafai akwai wata murya da ke bin jarumar tana ba ta umarni tana ƙirga mata maki, ita ake kira Sistam. Akwai kuma namiji guda da take ta haɗuwa da shi a kowace duniya, da sabuwar fuska da sabon suna, bai san ya taɓa ganinta ba.

Mafi yawansu da aure da farin ciki suke ƙarewa. Ni wanda ke ƙarewa da rabuwa nake so mu yi magana a kai, domin shi ya fi wuyar rubutawa, shi kuma ya fi daɗewa a zuciyar mai karatu. Da ke nake, 'yar'uwa, ke da kike taifin a ƙauyen Ringim ko Gwaram ko Kura bayan an kwashe kwanukan dare. Ɗan'uwa marubuci ma ya matso, aikin ɗaya ne. Ki riƙe wannan tun daga nan: abin da ke sa kuka a wannan salo mantuwa ce. Ɗaya na tuna komai, ɗayan bai tuna komai ba, kuma a kan haka za ki ɗora ginin gaba ɗaya.

Mataki na farko: ki zaɓi ƙofar da jaruma za ta bi

A littattafan Sinawa da yawa jarumar mutuwa take yi, ranta ya shiga wani jiki. Kada ki kwafo wannan yadda yake. Masu karatunki Musulmi ne, sun san cewa wanda ya mutu barzahu ya nufa, ba ya dawowa a jikin wani, kuma tun a feji na farko wata za ta ce ana koya wa yara ɓata. Gaskiyarta ne. Ki nemi ƙofar da ba ta taɓa aƙida.

Ƙofar da ta fi tsabta ita ce shiga littafi, kuma su kansu Sinawan suna da wannan reshe, inda mutum ke faɗawa cikin labarin da yake karantawa. Duniyoyin da jarumarki za ta ratsa labarai ne da wani ya rubuta, mutanen cikinsu taurarin labari ne. Ki haɗa wannan da dogon suma: jikinta na kwance a asibiti, ranta bai fita ba, hankalinta ne ke yawo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai ƙarshe a ce ashe duk mafarki ne, ta farka ta yi hamdala. Wanda ya bi ki wata uku yana kuka zai ji an yi masa wasa da hankali. In za ta farka, to ta farka da asara ta gaske.

Bari in kafa misali da za mu yi ta komawa gare shi. A ce sunanta Ladi, daga wani ƙauye a ƙasar Taura. Ta tsinci wani tsohon kundin ajami a adakar kakanta, labarai biyar ne a ciki, kowanne an yage shafinsa na ƙarshe. A hanyar dawowa daga kasuwar Gujungu motarsu ta yi hatsari. Sai ta ji murya: “Ki cika labaran nan biyar yadda aka tsara su, ki farka.”

Wani abu da marubuta ke mantawa: jikin wa ta shiga? In matar aure ce, kin jefa kanki a rigimar da ba ki shirya mata ba, domin duk soyayyar da za ta yi da wani ta zama cin amanar aure, zama da mijin ma tambaya ce. Ki sa ta riƙa shiga rayuwar budurwa ko bazawarar da ta gama idda. In wani wuri ya shige miki duhu, ki tambayi malamar Islamiyyarku kafin ki saki fejin.

Mataki na biyu: ki kafa dokoki, ki sa musu farashi

Ki ɗauki littafin rubutu na takarda, ki rubuta dokokin tafiyar kafin ki rubuta kalma ɗaya ta labarin. Uku sun isa. A misalinmu ga su. Ladi ba za ta iya faɗa wa kowa ko ita wace ce ba, in ta buɗe baki muryarta ɗaukewa take yi. Aikinta a kowane labari shi ne ta tabbatar saurayin ya bi hanyar da aka tsara masa, wadda ba ta tare da ita: ya auri wata, ya bi ayari, ya tafi yaƙi. Ta uku ita ce mai zafin: duk lokacin da ta karkata labari don ta cece shi, za a cire mata abu ɗaya daga abin da take tunawa na rayuwarta ta gaskiya.

Dubi yadda doka ta biyu ta sa aikinta da zuciyarta suka juya wa juna baya. In aikin da aka ba ta shi ne ta sa ya so ta, kamar yadda yake a littattafai da yawa, ba ki da abin baƙin ciki, kina da wasan cin maki ne kawai. Amma in farkawarta na buƙatar ta tura shi ga wata da hannunta, kowane babi zai zo da ciwonsa ba sai kin ƙirƙiro makira ko muguwar uwar miji ba.

Doka ta uku kuma ki tafiyar da ita da lissafi. Ki rubuta jerin abubuwan da Ladi ke tunawa, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: waƙar gaɗar da suke yi a dandali, sunan ƙawarta, hanyar rijiyarsu, ɗanɗanon miyar kukar Innarta, fuskar ƙaninta, muryar Innar, sunanta na yanka. Kamar hatsin rumbu ne a tsakiyar bazara, mudu-mudu ake ɗiba, mai gida na leƙawa yana ganin ƙasa na matsowa. Haka mai karatu zai riƙa leƙawa. Sharaɗin shi ne ki nuna kowane abu a babukan farko yana raye, mu ji Inna na kiranta daga madafi, kafin ki zo ki ɗauke shi. Abin da ba mu taɓa gani ba, ba za mu yi kukan rashinsa ba.

Kuma dokar da kika kafa kada ki karya ta don kin ji tausayi. Ranar da Sistam ya yi wa Ladi rangwame sau ɗaya, mai karatu zai daina jin tsoro har ƙarshen littafi.

Mataki na uku: ki zaɓi duniyoyi daga ƙasarki

Nan ne nake ganin muna asara. Marubuciya na zaune a Jahun, amma jarumarta na fadar sarkin Sin ko gidan attajirin Koriya, wuraren da ba ta san ƙamshinsu ba, sai abin da ta gani a fim. Alhali tarihin Kano da Jigawa cike yake da zamunnan da ke raba masoya ba tare da laifin kowa ba. Biyar nake ba da shawara, kowace duniya babi takwas zuwa goma sha biyu. In sun wuce haka rabuwar za ta zama abin sabo.

Ki duba zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Ayari na tashi da jakuna ɗauke da kanwa da turkudi da fatu, madugu ne shugaba, a yi watanni ana sauka zango-zango kafin a kai kasuwar Salaga, wani ya dawo, wani sai labarinsa. Saurayin da bai da sadaki dole ya bi ayari ya nemo, kuma Ladi ce aka ce ta ƙarfafa masa gwiwa ya tafi, ita da ta karanta labarin har inda aka yage ta san hatsarin da ke jiransa a hanya.

Ki duba basasar Kano da ta fara a 1893, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello, lokacin da aka naɗa Tukur, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da ke neman sarautar, suka fice zuwa Takai, aka yi ta gwabzawa har 1895. Yaƙi ne na 'yan gida ɗaya, garuruwa da dangi suka rabu biyu. Yarinya gidansu na bayan Tukur, yaron ubangidansa Bayusufe ne. Ba ki buƙatar mugu a wannan labari.

Akwai Haɗejiya a watan Afrilun 1906, ranar da sojojin Ingila suka afka wa garin, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya aka kashe shi tare da jama'arsa da dama, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Akwai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Akwai tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Cadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, tafiyar shekaru, wadda da yawa suka tsaya a Sudan suna noma don neman guzuri har suka zama 'yan can. Wannan ita ce ta fi taɓa ni, domin babu jini a cikinta: mutum ya tafi ibada da alkawarin zai dawo, ya tsufa a bakin Kogin Nilu. Akwai zamanin gyaɗa, bayan layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930 ya ratsa ta Ringim da Malam Madori, tasha ta zama wurin da ake ban kwana. Akwai farin 1973, da kuma ƙauyukan da aka tasa saboda madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974.

Ba sai kin jera su bisa shekaru ba. Ki jera su bisa nauyin rabuwar, mai sauƙi a gaba. Sarakuna da sauran mutanen tarihi ki bar su a nesa, a ji labarinsu a bakin talakawa, kada ki sa musu maganar da ba su yi ba. Masoyanki su zama ɗan marina da 'yar mai fura, ɗan ayari da 'yar mai masauki.

Sai bincike, kuma ɗakin karatunki na nan cikin gida. Ki zauna da Kaka ko wani dattijon unguwa da goronki, ki yi tambaya ƙanana. Me ake sa wa a lefe a zamaninsu? Da me ake kunna wuta kafin ashana? Yaya ake zance, a ina ake tsayawa, wa ke rakiya? Ki kula da kuɗi sosai, don nan ake kama marubuci: zamanin ayari wuri ake ƙirgawa, zamanin gyaɗa taro da sisi da sule da fam, naira kuwa sai a 1973 ta zo. Budurwar 1906 ba ta san agogo ba, da hantsi da azahar da almuru take auna yini.

Mataki na huɗu: alamar da za ta gane shi da ita

Fuskarsa na canzawa, sunansa na canzawa, to da me za ta gane shi? Tabo a goshi ko tawadar Allah a wuya sun yi arha. Ki ba shi ɗabi'a. A misalinmu, duk inda ya raba goro, babban ɓarin yake miƙa wa na kusa da shi, ba tare da ya duba ba. A duniya ta farko abin dariya ne. A ta biyu Ladi ta gani gabanta ya faɗi. A ta huɗu, cikin yunwa, ba goro, sai ya raba ɗan guntun rogo haka nan, kuma ba sai kin rubuta cewa ta yi kuka ba.

Ki yi amfani da kunyarmu, domin dukiya ce da marubutan waje ba su da irinta. 'Yar ƙauye ba ta kama sunan wanda za ta aura, ba ta kallon idonsa a gaban mutane, ba ta cewa tana sonsa. Ladi ta san mutumin nan a rayuwa uku, ta taɓa ganin tafiyarsa ta ƙarshe, amma yau ya tsaya a ƙofar zaure baƙo ne, abin da al'ada ta yarda ta ce masa bai wuce “Sannu da zuwa, Malam” ba. Ki bar nauyin a cikin gajeriyar gaisuwar. Dogayen kalaman soyayya na shafi biyu su ne ke kashe irin wannan labari.

Shi ma kada ki bar shi dutse. Bai tuna ba, amma wani abu na damunsa. Ya ce, “Kamar na san muryarki,” ta ce, “Muryar mata ai duk ɗaya ce.” Ki riƙa ƙara wannan shaƙuwar kaɗan-kaɗan daga duniya zuwa duniya, a daidai lokacin da nata tunanin ke raguwa. Layi biyu ne, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kuma a littafinki na takarda ki rubuta matsayin kowanne a ƙarshen kowace duniya don kada ki rikice.

Mataki na biyar: kada rabuwa biyu su yi kama

In kika kashe shi sau biyar, a na uku masu karatu za su fara raha da abin. Mutuwa sau ɗaya ta isa a tsakiyar littafi, ko biyu in ta kama. Sauran ki nemo wasu hanyoyi. A ɗaya ya tafi bai dawo ba, ba gawa ba labari. A wata ita ce ta yi wa amaryarsa lalle da hannunta. A wata ya tsane ta, don ta yi masa ƙaryar da ta cece shi, ya rayu har tsufa yana ganin maci amana ce. Wannan ta fi mutuwa ciwo, kuma ita nake so ki ajiye wa duniya ta huɗu.

Ki bar musu farin ciki na gaske a tsakani: ranar sallah, kakar da ta yi albarka, wata hira a gindin tsamiya. Aƙalla duniya ɗaya ta yi daɗi har mai karatu ya fara fatan ko an fasa. Kashe kai kuwa kada ki mai da shi mafita ko alamar tsananin so. Haramun ne, kuma yara mata masu rauni na cikin masu karanta ki.

Game da muryar Sistam, a taƙaice: ki sa ta yi magana gajeriya, ba zagi ba lallashi, kamar mai karanta takardar haraji. Ba ta mugunta, doka take bi. Ki rage yawan ƙirga maki da alluna, sun dace da labarin barkwanci, a nan suna sanyaya zuciya.

Mataki na shida: ki rubuta babin ƙarshe tun kafin na biyu

Da kin gama babi na farko, ki tsallaka ki rubuta na ƙarshe ki ajiye. Dalili biyu ne. Za ki san abin da kike shukawa a hanya, kuma ranar da masu karatu suka taso ki da roƙo, ƙarshen na nan a rubuce.

Ƙarshen kirki na fitowa ne daga dokokin da kika kafa da kuma zaɓin jarumar. Hatsarin mota da ya faɗo daga sama a babin ƙarshe, ko ciwon da ba a taɓa ambata ba, fashi ne aka yi wa mai karatu. Ki gwada ƙarshenki da tambaya ɗaya: da Ladi ta so kanta fiye da shi, da ta tsira daga wannan asarar? In amsar e ce, kin samu.

Ga yadda misalinmu zai iya rufewa. A duniya ta biyar gaskiya ta fito: shi ma ba tauraron kundi ba ne, mutum ne, yana cikin motar nan ta Gujungu, yana kwance a ɗakin maza na asibitin. Labarin ƙarshe an tsara shi ne ya mutu a ciki, wanda kuwa ya mutu a shafin ƙarshe ba ya farkawa. Abin da ya rage wa Ladi a rumbunta abu ɗaya ne, shi ne shi kansa, duk rayuwa biyar ɗin da ta sani tare da shi. Ta biya da wannan don ta cece shi. Suka farka su biyun. Yanzu shi ke tuna komai, ayari da basasa da tasha, ita kuwa ko Innarta sai da aka gabatar mata. Ya zo da sanda ya tsaya a bakin gadonta, ya kasa magana. Ta gyara mayafi ta ce, “Malam, wa kake nema?”

Ki tsaya a nan ko kusa da nan. Kada ki ƙara babi uku na bayani. In kina so ki bar 'yar ƙofa, ya raba goro ya miƙa mata babban ɓarin ta karɓa ba ta san dalili ba, ya halatta, amma kada ta tuna. In ta tuna, farashin da ta biya ya zama na ƙarya. Wannan misali nawa ne na koyarwa, ki gina naki da dokokinki.

Mataki na bakwai: taifin, saki, da masu karatu

Kada ki fara saki sai kina da duniya ta farko cikakkiya da rabin ta biyu a ajiye. A ƙauye wuta da sabis ba su da tabbas, ga aikin gona da damina, ga biki da rasuwa, kuma labarin baƙin ciki in ya yi mako biyu shiru zafinsa hucewa yake. Feji mai kalma dubu zuwa dubu da ɗari biyar ya isa, sau uku a mako, a ranakun da kika sanar. Ki yi rubutun a manhajar da ba ta buƙatar data, ki kai waya caji wurin mai sola da rana, in kin samu sabis ki tura. Ki riƙa amfani da ƙ da ɗ da ɓ, akwai allon rubutun Hausa a Gboard. A labarin da kalma ɗaya ke ɗauke da nauyi, bambancin baƙi da baki ba ƙarami ba ne.

Kowane babi ki tura wa kanki kwafinsa ta imel ranar da kika gama shi. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, dandali ma na rufewa: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Ko a WhatsApp kike saki, ko Wattpad, ko ArewaBooks, asalin rubutun ya zauna a hannunki, da sunanki a saman kowane feji da tsakiyarsa saboda masu kwafa su cire suna.

Ki faɗa tun a feji na farko cewa labarin nan ba ya ƙarewa da aure. A dandalin Sinawa ma al'ada ce marubuci ya sanar ko ƙarshen mai daɗi ne ko mai ɗaci, don kowa ya shiga da saninsa. Wannan ya fi zama wajibi in littafin na kuɗi ne. Tsarin da ya dace da wannan salo shi ne ki ba da duniya ta farko kyauta har rabuwarta, wanda ya ɗanɗana ya ga zai iya, ya biya ya shiga guruf don sauran huɗun. Matar da ta cire kuɗin cefanenta ta biya tana da haƙƙin sanin abin da ta saya.

Duk da sanarwar, roƙo zai zo, musamman a duniya ta huɗu. Za a ce, “Anti, don Allah ki tausaya musu,” wata ta kira ki a waya tana kuka, wata ta yi fushi ta fita daga guruf. Ki amsa da mutunci, ki gode musu, kada ki yi gardama kuma kada ki yi alkawari. Amma ki saurari irin ƙorafin. In suna cewa abin ya yi musu ciwo, aikinki na tafiya. In suna cewa ba su gane dalilin da ya sa Ladi ba ta faɗa masa gaskiya ba, ko me ya sa ta manta ƙaninta, to dokokinki ne ba su fito sarai ba, sai ki nemi wuri a babi na gaba ki sake nuna su cikin aiki, ba cikin dogon jawabin Sistam ba.

Kafin ki saki duniya ta biyar, ki ba mutum biyu su karanta littafin daga farko: ɗaya mai son irin waɗannan labarai, ɗaya dattijuwa ko malamin makaranta da ya san tarihin yankin. Ta farkon ki tambaye ta a ina ta ji kamar ta ajiye. Na biyun ki tambaye shi abin da bai yi kama da zamaninsa ba. Sannan ki buɗe littafinki na takarda, ki bi jerin abubuwan da Ladi ta manta ɗaya bayan ɗaya, ki tabbatar babu inda ta ambaci wani abu bayan an riga an cire mata shi. In kin samu, ki gyara a kwafinki, ki sanar da masu karatu gyaran a saman feji na gaba, sannan ki saki babukan ƙarshe a jere cikin mako guda ba tare da tsaiko ba.